Kwana ukun tsakiyar baje kolin Kanton: ka zauna a Gwanzu, ka leƙa Foshan da Shenzhen, ko ka wuce Shanghai?

Ana yin baje kolin Kanton a birnin Gwanzu na ƙasar Sin, wanda za ka ga an rubuta Guangzhou a jikin tikitinka, sau biyu a shekara tun 1957, kuma an kasa shi zango uku. Na bazara yana ci daga 15 zuwa 19 ga Afrilu, sai 23 zuwa 27, sai 1 zuwa 5 ga Mayu. Na kaka kuwa 15 zuwa 19 ga Oktoba, 23 zuwa 27, sai 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba. Tsakanin kowane zango da mai bi masa ana rufe rumfunan baje kolin da ke unguwar Pazhou na kwana uku, masu janareto da kayan lantarki su kwashe nasu, masu kwanuka da kayan gini su jera nasu. Duk wanda sana'arsa ta taɓa zango biyu sai ya tsinci kansa da kwana uku a hannu, ga otal ya riga ya biya, ga ƙofar baje koli a kulle.

A nan ne tambayar take tasowa, kuma kusan duk shekara sai wani ɗan'uwa ya yi mini ita a falon otal: "Alhaji, tunda an zo an zo, ba ma leƙa Shanghai ba?" Wani kuma Shenzhen yake so, wani bai ma san akwai abin gani a Gwanzun ba bayan Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suka fi yawa, da kasuwar takalma. Ina da ra'ayi a kan wannan, ba zan ɓoye shi ba: ga mai zuwan farko, tsohon Gwanzu ya fi duk sauran riba, kuma shi ne mafi arha. Amma buƙatu sun bambanta, don haka bari mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da za mu auna da shi

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin tikitin shiga kaɗai ba. Lokacin baje koli otal-otal na Gwanzu suna ninka farashi. Idan ka bar gari, ko dai ka ci gaba da biyan ɗakin da ba ka kwana a ciki, ko ka saki ɗakin ka dawo ka tarar an ba wani. Wannan kuɗin ne mutane ke mantawa da shi a lissafi.

Na biyu ƙafa. Filin baje kolin ya kai murabba'in mita miliyan 1.5, kuma wanda ya yi kwana biyar yana zaga shi da jakar katalog a kafaɗa jikinsa ya riga ya gaya masa. Yawon da zai dawo da kai zango na gaba a gajiye ya ci ribar tafiyar.

Na uku sallah da abinci. Ina za ka yi alwala, ina za ka sami halal ba tare da ka yi ta zaga titi da yunwa ba.

Na huɗu haɗari, wanda mafi girmansa shi ne ka rasa ranar farko ta zangon da ka zo dominsa.

Na biyar abin da zai zauna. Akwai yawon da hotonsa kawai zai rage a waya, akwai wanda bayan shekara goma za ka ba jikoki labarinsa, akwai kuma wanda zai sauya yadda kake sayen kaya.

Abubuwa uku sun shafi kowane zaɓi. Fasfonka ya kasance a jikinka kullum, domin doka ce, kuma da shi ake sayen tikitin jirgin ƙasa da shiga gidajen tarihi. Yawancin gidajen tarihin gwamnati a rufe suke ranar Litinin, don haka duba kalanda kafin ka tsara. Sannan ka haɗa katin bankinka da Alipay ko WeChat Pay, manhajojin biyan kuɗi ta waya, tun kafin ka taso daga gida, domin ko mai sayar da ruwan kwalba lambar QR yake nuna maka ka haska da waya, kuma sau da yawa ba shi da canji.

Tsohon Gwanzu

Wannan shi ne yankin Yuexiu da Liwan, arewa da Kogin Lu'ulu'u. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana farawa daga yuwan 2 (yuwan shi ne kuɗin Sin), akwai kuma tikitin wuni na yuwan 20 da na kwana uku na yuwan 50, ka shiga ka fita yadda ka ga dama.

Fara da masallacin Huaisheng da ke titin Guangta, 'yar tafiya kaɗan daga tashar Ximenkou a layi na 1. Ma'anar sunan ita ce tunawa da Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Daga titi ba za ka zaci komai ba, shaguna ne da gidajen haya, sai kawai ka ɗaga kai ka ga hasumiya mai tsawon mita 36, zagayayya, sumul, ba hawa-hawa irin na hasumiyoyin Sinawa. Mutanen gari suna kiranta Hasumiyar Haske, domin a zamanin da bakin kogi yake kusa da nan, fitilar da ake kunnawa a samanta ce ke nuna wa jiragen fataken Larabawa da Farisawa hanya. Yau kogin ya ja baya, unguwanni sun cike wurin. A ciki kuwa rufi ne irin na Sinawa, mai lanƙwasassun kusurwa, da bishiyoyi a tsakar gida, da ayoyi da aka rubuta da burushin rubutun Sinanci, haruffan Larabcin sun yi kauri sun yi jela. Ranar da na fara shiga, wani dattijo ɗan ƙabilar Hui ta Musulmin Sin mai farar hula ya ga ina dube-dube, ya kama hannuna ya kai ni wurin alwala ba tare da mun fahimci kalma ɗaya ta juna ba, sai sallama. Da aka tada sallah muka fuskanci yamma. Mu da muka tashi muna cewa "fuskantar gabas" idan muna nufin alƙibla, sai mutum ya zo nan ya gane cewa ya zagayo Ka'aba ta ɗaya gefen. Na daɗe ina tuna wannan sahun fiye da duk dogayen benayen da na gani a Sin.

Daga nan ka nufi tashar Yuexiu Park a layi na 2. Kusa da ita, a titin Jiefang na arewa, akwai tsohuwar maƙabartar Musulmi da masallacin Xianxian. Musulmin Sin suna riƙe da cewa kabarin da ke ƙarƙashin ƙubbar nan na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, kuma shi ya kafa Huaisheng a zamanin daular Tang. Littattafan tarihinmu sun tafi a kan cewa Sa'adu ya rasu a kusa da Madina aka binne shi a Baƙi'a, don haka kada ka ɗauki wannan ruwayar a matsayin tabbas. Abin da ba a musu a kansa shi ne Musulmi sun zauna a wannan gari suna fatauci sama da shekara dubu, kuma a nan suka binne matattunsu. Idan Juma'a ta faɗo cikin kwana ukun, nan za ka yi ta. Sahu yana cika har cikin lambu: Hui, Uygur, Yamalawa, 'yan Fakistan, 'yan Mali da Gini, ga namu 'yan Kano da Maraɗi. Bayan sallama kuma masu tsiren rago da gurasa da shinkafa dafa-duka suna jere a waje. Ka je da wuri, ka riƙe ƙaramar dardumarka.

A kan wannan titin dai akwai kabarin sarkin Nanyue, Zhao Mo, wanda aka gano a 1983 lokacin da ake haƙa harsashin gini. An same shi sanye da rigar ƙananan duwatsu masu daraja da aka ɗinke da zaren siliki, sama da shekara 2,000 a ƙasa. Tsallaken titi kuma lambun Yuexiu ne, kyauta, da ragowar ganuwar gari da benen Zhenhai na 1380.

Wuni na biyu, idan da sauran ƙarfi, ka ba Liwan. Gidan zuri'ar Chen, wanda aka gama a 1894, yana da tasharsa a layi na 1, shiga yuwan 10. Duk mai harkar kafinta, ƙofofi ko adon gini ya kamata ya tsaya a nan ya dubi sassaƙar katako da ta tubali, ya ga daga inda hannun mutanen wannan yanki ya samo asali. Sai tsibirin Shamian kusa da tashar Huangsha, inda Ingila da Faransa suka yanki yanki bayan yaƙin da suka yi da Sin a tsakiyar ƙarni na 19. Gine-ginen Turawa ne da inuwar manyan bishiyoyi, ga benci ko'ina, motoci kaɗan. Ɗan kasuwa zai so ya san cewa daga 1757 zuwa 1842 Gwanzu kaɗai ce tashar da aka yarda Turawan Yamma su yi ciniki a cikinta a duk Sin, kuma rumbunansu suna nan gabas da Shamian kaɗan. Baje kolin da ya kawo ka jikan wannan kasuwar ne.

Kuɗin duk wannan bai kai na abincin dare ɗaya a babban otal ba. Abinci ba matsala, domin unguwar masallatan da Xiaobei cike suke da gidajen taliyar Lanzhou da na Uygur. Nemi alama mai rubutun Larabci, galibi koriya. Haɗarinsa ɗan kaɗan ne: ruwan sama a Afrilu, wanda laima ke maganinsa, da binciken takardu a wajajen Xiaobei, wanda fasfo da biza mai rai ke maganinsa. Aibinsa ɗaya, tafiyar ƙafa ce. Ka raba ta, ka huta bayan azahar.

Sabon Gwanzu: hasumiya da kogi

Hasumiyar Kanton tana da tsawon mita 600, an buɗe ta a 2010 gab da wasannin Asiya da garin ya karɓi baƙunci. Tikitin hawa yana farawa daga kusan yuwan 150, yana kuma ninkuwa idan kana son fita sararin saman ko shiga ƙananan kekunan gilashi da ke zagaya ƙolinta. Tsallaken kogi filin Huacheng ne, kyauta, da gidan tarihin Guangdong wanda shi ma kyauta ne amma sai ka yi rajista tun da wuri, da benen CTF mai mita 530. Da dare akwai jiragen ruwa na shaƙatawa daga mashigar Tianzi ko Dashatou, zagayen kusan awa ɗaya, kuɗin ya danganta da bene da kujerar da ka zaɓa.

Yana da kyau ƙwarai, musamman bayan magariba idan fitilu suka kama. Amma kada ka kashe masa wuni guda daga cikin kwana ukunka. Ana tashi daga baje koli ƙarfe 6 na yamma, kuma akwai ƙaramin jirgin tarago da ke bin bakin kogi daga rumfunan Pazhou har gindin hasumiyar a yuwan 2. Ashe wannan yawon maraice ne, ana iya yinsa ko a ranar aiki. Kafin ka sayi tikitin hawa kuma ka ɗaga kai ka dubi ƙolin: idan hazo ko gajimare ya rufe shi, to daga sama ma fari fat za ka gani, kuma ba a mayar da kuɗi don haka. Oktoba ta fi Afrilu sararin sama. Halal a wannan yanki sai an nema, ba kuma masallaci a kusa, gara ka ci abinci ka yi magariba kafin ka fito.

Foshan da Shenzhen: yawon da ke haɗe da ciniki

Waɗannan biyun ana zuwa a dawo a wuni ɗaya, ɗakinka na Gwanzu yana nan.

Foshan ta manne da Gwanzu har jirgin ƙarƙashin ƙasa ya haɗa su, layin da ake kira Guangfo, kuɗinsa 'yan yuwan ne. Garin tayil ne da kayan banɗaki da kujeru. Kasuwar kayan ɗaki ta Lecong a gundumar Shunde shaguna ne jere na kilomitoci a bakin babban titi, ba a gama ta a wuni. Idan kana son abin gani bayan kasuwa, akwai murhun gasa tukwane na Nanfeng a Shiwan, wanda aka gina a farkon ƙarni na 16 kuma har yau ana hura masa wuta da itace. Dogo ne, ya kwanta a jikin tudu kamar maciji. Wanda ya tsaya a bakinsa da safe ya shiga ɗakin nunin tayil da rana zai fahimci dalilin da ya sa wannan sana'a ta zauna a garin. Akwai kuma Zumiao, inda ake nuna rawar zaki da wasan kunfu. Amma a sani asalinsa ɗakin bautar gargajiya ne, da gumaka da turare, kowa ya auna da zuciyarsa.

Shenzhen kuwa sai jirgin ƙasa mai sauri. Daga tashar Gwanzu ta Kudu zuwa Shenzhen ta Arewa kusan rabin awa ne, tikiti tsakanin yuwan 70 da 80. Daga tashar Gwanzu ta Gabas zuwa Luohu a Shenzhen ya haura awa ɗaya, kuɗin kusan ɗaya. Lura da wannan da kyau, domin tashoshin biyu suna da nisa da juna sosai, kuma ta Kudu tana can ƙarshen layi na 2, kusan awa guda daga Xiaobei. Na taɓa raka wani abokin tafiya da ya sayi tikitin Kudu ya nufi Gabas. Kafin mu gyara, rabin wunin ya tafi, mai masana'antar da ke jiranmu ya shiga wani taron. Ana kuma rufe ƙofar shiga 'yan mintuna kafin tashin jirgi, ba a roƙo.

Abin da ke kai mutane Shenzhen shi ne Huaqiangbei, unguwar da benaye suke cike da kantocin waya, gilashin waya, caja, kyamarar tsaro da duk wani ɗan ƙaramin abu da ke cikin na'ura. Ga mai shago a Farm Centre ko kasuwar Beirut a Kano, wuni ɗaya a nan makaranta ce: za ka ga gilashi iri huɗu na waya ɗaya a kan tebur ɗaya, kowanne da kuɗinsa, ka gane abin da dillali ke aiko maka da sunan na asali. Bayan kasuwa akwai benen Ping An mai mita 599, da lambun Lianhuashan, kyauta, inda daga kan tudu ake hango tsakiyar birnin da a 1980 aka ware shi yankin tattalin arziki na musamman yana ƙaramin gari. Akwai babban masallaci a unguwar Meilin.

Haɗarin Shenzhen biyu ne. Na farko jabu, da kayan da aka gyara aka sa a sabon kwali. Kada ka yi babban ciniki a ziyarar farko, karɓi samfur da lambar WeChat. Na biyu Hong Kong, wadda take nan tsallaken iyaka har mutum ya ji kamar ya taka. Tana da nata tsarin biza dabam, mai fasfon Nijeriya sai ya nema tun da wuri, kuma idan bizarka ta Sin ta shiga ɗaya ce, fitarka ta cinye ta. Garin neman gira kada a rasa ido.

Shanghai da filin baje kolin duniya na 2010

Na fahimci masu ɗokin Shanghai. Nan aka yi baje kolin duniya daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Oktoba 2010, kwana 184, a fili mai murabba'in kilomita 5.28 a gaɓa biyu na kogin Huangpu. Sama da mutum miliyan 73 suka shiga, kuma a rana ɗaya tak, 16 ga Oktoba, an haura miliyan ɗaya. Ƙasashen Afirka da dama sun taru a babbar rumfa guda, rumfar Saudiyya kuwa mai siffar jirgin ruwa mutane sun riƙa yin awowi a layi kafin su shiga.

Sai dai wanda zai je yau ya san abin da zai tarar. Al'adar irin wannan baje koli ita ce a rushe yawancin rumfuna idan an gama, kuma haka aka yi. Abin da ya rage mafi girma shi ne rumfar Sin, jan ginin nan mai kama da kambi, ƙasa a tsuke sama a buɗe, wanda tun 2012 ya zama gidan zane-zane na China Art Museum, da tasharsa a layi na 8. Shiga kyauta ne. A ciki akwai dogon bango da aka raya wani tsohon zanen kasuwar zamanin daular Song da na'ura, raƙuma suna shiga ƙofar gari, masu kwale-kwale suna tuƙi, dare yana yi gari yana wayewa. Wannan ana biyan ɗan kuɗi kaɗan, kuma ya cancanta. A ɗaya gaɓar akwai gidan tarihin baje kolin duniya da aka buɗe a 2017, mai ba da labarinsu tun daga na Landan a 1851. Sauran filin ya zama lambuna, ofisoshi da kantuna. Rabin wuni ya isa.

Ragowar Shanghai kuwa ba a raina ta. Titin bakin kogi na Bund da dare, tsofaffin bankunan Turawa a bayanka, Hasumiyar Shanghai mai mita 632 a gabanka. Lambun Yu na zamanin daular Ming, da masallacin Xiaotaoyuan ba nisa da shi. Jirgin maganaɗisu da ke cin kilomita 30 daga filin jirgin Pudong cikin kusan minti 8 a yuwan 50.

Matsalar nisa ce. Jirgin sama awa biyu da rabi ne a sama, amma ka haɗa da zuwa filin jirgin Baiyun na Gwanzu, bincike, jira da shiga gari, wuni ya kusa ƙarewa, kuma a Afrilu hadarin kudancin Sin yana yawan jinkirta jirage. Jirgin ƙasa awa bakwai zuwa takwas ne, kusan yuwan 800 zuwa kaɗai. Cikin kwana uku ke nan wuni ɗaya cikakke za ka samu, ka biya otal biyu, ka dawo a gajiye. Hutun 28 zuwa 30 ga Afrilu ya fi muni, domin yana gab da hutun ma'aikata na 1 ga Mayu, lokacin da Sin gaba ɗaya take kan hanya. Ana fara sayar da tikitin jirgin ƙasa kwana 15 kafin tafiya, kuma na waɗannan ranaku ba ya daɗewa. Wani ɗan'uwa da muka sauka otal ɗaya ya tafi da tikitin zuwa kawai, ya ce zai sayi na dawowa a can. Sai ranar biyu ga zango na uku ya iso, alhali atamfa da leshin da ya zo dominsu a ranar farko ake samun masu kamfani da kansu a rumfa. Ba a tauna taura biyu.

Ƙarin abu biyu: tun tsakiyar 2025 ba a barin fawa-bankin da ba shi da tambarin ingancin kaya na Sin, CCC, ya hau jirgin cikin gida a Sin, za a karɓe shi a wurin bincike. A titin Nanjing kuma, idan matasa masu fara'a suka tare ka da Turanci suna gayyatarka shan shayi, yi musu godiya ka wuce. A ƙarshen shayin takardar kuɗi ce mai nauyi.

A taƙaice cikin jadawali

| Zaɓi | Kuɗi | Wahala | Sallah da halal | Babban haɗari | Abin da zai zauna |
|---|---|---|---|---|---|
| Tsohon Gwanzu | Ƙasa da yuwan 100 a wuni, ban da abinci | Tafiyar ƙafa, amma kusa da otal | Mafi sauƙi | Ruwan sama, rufewar Litinin | Tarihi da Juma'ar da ba a mantawa |
| Sabon Gwanzu | Kyauta daga ƙasa, yuwan 150 zuwa sama in za a hau | Kaɗan, maraice ɗaya | Sai an shirya | Hazo, dogon layi | Hotuna |
| Foshan | 'Yan yuwan na jirgi, sai tasi zuwa Lecong | Matsakaiciya | Sai an nema | Wuni ya ƙare a kasuwa ɗaya | Sanin tayil da kayan ɗaki |
| Shenzhen | Kusan yuwan 160 zuwa da dawowa | Wuni cur | Akwai masallaci | Kuskuren tasha, jabu | Sanin kayan waya |
| Shanghai | Yuwan 1,600 zuwa sama, ga otal na biyu | Mai yawa | Akwai, amma a warwatse | Rasa ranar farkon zango | Babban birni, in an ba shi lokaci |

Wa ya dace da wane

Idan zuwanka na farko ne, ka kwana da safe ranar farko har jiki ya saki, ka jera katalog da katunan da ka tara tun ba ka manta wace rumfa ce wace ba, da la'asar ka tafi Shamian ka zauna a inuwa. Rana ta biyu Huaisheng, maƙabarta da kabarin Nanyue. Rana ta uku gidan Chen da safe, kogi da dare.

Idan kayan waya ne sana'arka, Shenzhen ba yawo ba ce, aiki ce, ka ba ta rana ta tsakiya, ka sayi tikitin zuwa da dawowa lokaci ɗaya, ka bar rana ta uku don hutu. Mai tayil, ƙofofi da kujeru ya yi haka da Foshan, kuma hutun farko ya fi dacewa da shi, domin zai shiga zango na biyu ya riga ya ga farashin kasuwa da idonsa.

Hajiya da ta zo da ƙawaye don zango na uku, ko wanda ya taho da mahaifi dattijo, su zaɓi abin da ba shi da hawa da sauka: Juma'a a Xianxian da tasi har bakin ƙofa, Shamian da yamma, jirgin ruwa bayan isha'i. A bar hasumiya sai in sama ta washe.

Wanda aljihunsa ya yi sanyi bayan biyan kuɗin ajiya ga masu kamfani, tikitin kwana uku na yuwan 50 ya ishe shi: masallatai, lambun Yuexiu, Shamian da filin Huacheng duk ba a biyan ko sisi.

Wanda kuma zuciyarsa ta kafe a kan Shanghai, ya je, amma bayan an rufe zangonsa na ƙarshe, ya sallami otal ɗin Gwanzu, ya ba ta kwana uku cikakku, tikitinsa na komawa gida ya tashi daga Pudong tun daga lokacin saye. Kaka ta fi dacewa da wannan: Kanton tana rufewa 4 ga Nuwamba, washegari 5 ga wata ake buɗe baje kolin kayan da ake shigowa da su Sin a unguwar Hongqiao ta Shanghai, wanda ake yi duk shekara tun 2018 har zuwa 10 ga wata. Masu riɗi, zoɓo, citta da ƙaro da ke neman mai saye a Sin, wannan ne nasu, sai dai shi ma yana da rajistarsa dabam da ake yi makonni kafin a buɗe, kuma otal-otal na wajen Hongqiao suna cika da wuri.